Wa Ke Zaɓar Wa Ɗan Arewa Abin Karantawa?

A ƙasar Arewa, tun daga Dogon Kiriya har zuwa Geceme, idan uba ya yi niyyar saya wa ɗansa littafi, ko budurwa ta tara ƴan dalolinta tana neman abin da za ta karanta, mutum ɗaya ake tambaya. Shi ne wanda ke shimfiɗa buhu ranar kasuwa, ya ɗora Alƙur'ani bisa akwati, ya jera littattafan addini a gaba, tasbaha da turare da kalanda a tsakiya, sa'annan can ƙarshen shimfiɗa, inda ƙura ta fi sauka, ya zube ƴan littattafan Hausar boko da suka ƙetaro iyaka daga Kano ko Sakkwato. Yau yana Dogon Dutsi, gobe Matankari, jibi Kore Mai Ruwa. Kantunan da aka rubuta musu sunan gidan sayar da littafi a goshi kuwa, yawancin cinikinsu kaye ne da bik da alli, sai littattafan aji na Faransanci idan an kusa komawa lakwal. Saboda haka mai shimfiɗar nan shi ne mai ba da shawara, shi ne kuma mai yanke hukuncin abin da zai shigo gari da abin da ba zai shigo ba, alhali ba wanda ya naɗa shi, shi ma bai nemi muƙamin ba.

Malaman makaranta da shugabannin ƙungiyoyin raya al'adu sun daɗe suna yi masa kallon raini. A wurin taro, da zarar zance ya biyo ta kan mutuwar karatu, shi ake fara ɗora wa laifi: wai riba kawai ya sani, wai shi ke shigo da abin da ke ɓata tarbiyyar ƴan mata, wai akasarin abin da yake sayarwa bai taɓa buɗe shi ba. Zargin ƙarshen nan yana iya zama gaskiya. Amma kafin a yanke masa hukunci, ya kamata a tsaya gaban shimfiɗarsa a gwada shi da tambayoyi biyu.

A ce masa, "Malam, yaro ne ya sauke, ana son ya shiga littattafai." Ba zai yi inda-inda ba. Zai tambayi inda yaron ya tsaya. In bai fara ba, ya miƙo Ƙawa'idi. In ya wuce nan, Ahalari. Daga Ahalari sai Ishmawi, sai Iziyya, sai Risala ta Ibn Abi Zaid mutumin Ƙairawan, wadda aka rubuta fiye da shekara dubu da suka wuce. In wani ya zo da ɗoki ya ce Muhtasar zai saya wa ɗan shekara goma sha biyu, mai shimfiɗa zai yi murmushi ya ce, "Alhaji, a bari ya iso tukuna." Ga ɗan kasuwa yana hana kansa cinikin babban littafi domin ya san matakin da mai karatu yake kai. Wannan sani kuwa gado ne ya tarar. Malaman zaure suka kafa tsanin, tsara bayan tsara, suka yarda da shi tun daga Agadas har Zariya, har ya kasance ko wanda bai yi zurfi ba ya haddace jerin matakansa.

A sake ce masa, "Malam, ɗiyata ce, shekararta tara, ta fara haɗa baƙi da Hausa a lakwal. Wanne ya dace da ita?" Nan ne idonsa zai raina fata. Zai bi bangon littattafan ɗaya bayan ɗaya, ya ture mai hoton saurayi da budurwa, ya ɗauko wanda ya fi ƙanƙanta, ko wanda ya fi daɗewa bai fita ba. Sau da yawa abin da yarinyar za ta koma gida da shi kashi na biyu ne na wani labari wanda na farkonsa ya ƙare tun bara, na ukunsa kuma bai taɓa isowa ba. Mutum ɗaya ne, a kan shimfiɗa ɗaya. Inda masana suka yi aikinsu ya zama jagora abin dogaro, inda suka bar nasu ya koma mai lalube a duhu. Waɗanda ke da alhakin kafa tsani na biyun kuwa su ne dai masu zaginsa a wurin taro. Laifi tudu ne.

Ba za a ce lokaci ne bai samu ba. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a cikin aji, dokar 2001 ta jera su ta ba su matsayi, sa'annan kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa ya ce ita ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuwa harsunan aiki. Cibiyar INDRAP ta Yamai ta shirya littattafan aji, maɗaba'ar Albasa ta fitar da nata a farkon shekarun 2000, Gashingo ma ta bi sahu da littattafan yara cikin harsunan ƙasa. An yi tarurruka, an ci, an sha, an karɓi kuɗin zama. Amma a shiga makarantun gundumomin nan biyu a nemi takarda guda ɗaya wadda ta ce ga abin da ɗan shekara takwas zai karanta a gida da Hausa, ga na ɗan sha uku, ga na uwarsu da ta gama ajin yaƙi da jahilci, a gani ko za a fito da ita.

Kowane mushe ya san abin da yake tararwa a watan Oktoba. Yaron da ya bari a ƙarshen shekara yana haɗa baƙi sumul, bayan hutun damina sai ya dawo yana cije-cije kamar bai taɓa gani ba. Wata uku ya yi tsakanin gona da rijiya, rubutun da idonsa ya faɗa a kai bai wuce na jikin buhun taki da kwalin shayi ba. Haka matan da suka sha wahalar ajin manya, suka karɓi takardar shaida da guɗa. Bayan ƴan shekaru da ƙyar wasu ke iya rubuta sunansu. Karatu sana'ar hannu ce, in aka ajiye ta takan yi tsatsa, kuma littafin aji ba ya hana wannan tsatsar domin ba wanda ke ɗaukarsa da dare don marmari.

Uzurin da aka fi kawowa shi ne wai babu littattafan. Wannan magana ba ta da ƙafafun tsayawa. Tun gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ake buga ƙagaggun labarai da Hausar boko, kuma mutanen Zariyar sun fahimci zancen tsani tun da wuri, har suka sa wa littattafan koyo sunayen da ke nuna hawa: Ka Koyi Karatu, Ka Ƙara Karatu, Ka Yi Ta Karatu. Ga yaron da ya wuce nan akwai Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, ƙananan littattafai shida. Amfaninsu a fili yake: yaro ya riga ya san Gizo da Ƙoƙi daga bakin kakarsa, saboda haka idan ido ya cije a kan kalma, kunne ne ke zuwa ya cece shi. Littattafan Gashingo masu hotuna su ma nan ne wurinsu, har sun fi kusa da gida tun da rubutun Nijar ne.

Magana Jari Ce kuwa, wanda ya fara fitowa a 1937, shi ne littafin da aka fi zalunta da ƙauna. Duk malamin da aka tambaya sunan littafin Hausa shi yake ambata, kamar daga shi an rufe ƙofa, sai a ɗauke shi a danƙa wa ɗan shekara takwas. Alhali jimlolin Abubakar Imam dogaye ne, kalmominsa na fada ne da sarauta, labarinsa kuma labari ne cikin labari, aku na ba da wani yana riƙe da zaren wani. Yaron da aka ba shi da wuri zai yi shafi biyu ya ajiye, ya tashi da tunanin cewa karatun Hausa ma azaba ne irin na Faransanci. A wannan shekaru karanta masa ya kamata a yi, da murya, da dare, babba na karantawa yara na saurare. In ya kai sha biyu ya ɗauka da kansa, kuma a lokacin ba sai an roƙe shi ba. Kafin nan Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya fi masa sauƙin hawa, haka Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo ga yaron da ke yawan tambaya a kan sama da taurari. Abin lura a nan, ga masu tsoron fassara, shi ne Imam ya ɗebo labaransa da yawa daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Indiya da na Turai, Iliya kuma asalinsa jarumin tatsuniyar Rasha ne. An sa musu riga da hula har ba mai tambayar garinsu.

Kaurin littafi ba ya nuna matakinsa, kuma nan ne mai shimfiɗa ya fi yin tuntuɓe. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa siriri ne, kalmominsa masu sauƙi, don haka shi ake miƙa wa ƙaramin yaro. Amma labarin bauta ne, da uwar da ta bi sawun ɗanta har ta ƙetare hamada, nauyin da sai ɗan lise ke iya ɗauka, musamman in malamin tarihi na kusa. Ruwan Bagaja ma sai wanda ya kai munzalin yin dariyar makircin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ba tare da ya ɗauke shi darasi ba. Saurayin da ya tashi kusa da iyaka, yana ganin yadda jarkokin mai ke wucewa da dare, ba ya bukatar a yi masa sharhin Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, labarin fasa-ƙwauri da cin hanci da aka buga a 1982. Dattijon da ya koyi boko da furfura kuwa, ba shi tatsuniyar yara cin fuska ne. A ba shi Imfiraji na Aliyu Namangi, wanda kunnensa ya riga ya sha ji a bakin almajirai da makafi, ko waƙoƙin Mu'azu Haɗeja, in dai an samu bugu mai manyan baƙaƙe.

Saura babban abin faɗa, wato littattafan soyayya, waɗanda Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna adabin kasuwar Kano. Tun tsakiyar shekarun 1980 suka fara fitowa, marubutansu da yawa mata ne masu bugawa da kuɗin aljihunsu. Da an ambace su sai malami ya ɗaure fuska ya ce duk shara ce. A tambaye shi guda nawa ya karanta har ƙarshe. Akwai na banza a cikinsu, masu yawa ma, waɗanda ba abin da ke ciki sai lissafin motoci da kayan ɗaki da hawayen da ba su da dalili. Amma a cikinsu ne Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Wa Zai Auri Jahila? a 1990, labarin yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar ga dattijo, ta ƙi yarda rayuwarta ta tsaya nan. Wane malamin kwaleji ne a Tsibiri ko Ɗan Kasari bai san wannan labari da idonsa ba, a kan bencin da aka wayi gari babu mai shi? Ɗayan littafinta, Alhaki Kuykuyo Ne, kan matar da miji ya kora da ƴaƴanta saboda amarya, an fassara shi da Ingilishi an buga a Indiya a 2012. Ado Ahmad Gidan Dabino kuma, cikin In Da So Da Ƙauna, ya ɗora tambayar da har yau ake yi a kowane zaure, ko dukiya ke yanke zancen aure ko hali. Malamin da ya haɗa waɗannan da shara ya zubar ya bar ɗalibarsa ta sha shida da zaɓi biyu: ta daina karatu, ko ta karanta abin da ta samu a ɓoye. Na biyun take zaɓa.

An riga an gwada hanyar wuta an ga ƙarshenta. A 2007 hukumomin Kano sun tara irin waɗannan littattafai suka ƙona a bainar jama'a, da sunan gyaran tarbiyya. Labaran ba su mutu ba, ƙaura suka yi. Yau a cikin wayar hannu suke yawo, shafi-shafi ta WhatsApp, ko a murya ga wadda ba ta iya karatu ba, kuma waɗansunsu sun yi nisan da marubutan takarda ba su taɓa kusanta ba, domin ba maɗaba'a, ba sunan gaskiya, ba kunyar ido. A da uwa na iya ɗaga matashin kai ta ga bangon abin da ɗiyarta ke karantawa. Yanzu sai hasken gilashi a ƙarƙashin zane. Wannan ya sa shimfiɗar kasuwa, duk da ƙurarta, ta zama kusan wuri na ƙarshe da babba ke tsayawa tsakanin yaro da abin da zai karanta, ya dube shi, ya ƙiyasta shekarunsa, ya ce ga wannan. Wanda ya bari shimfiɗar nan ta naɗe saboda raini, to ya sani ba ɗakin karatu ne zai maye gurbinta ba.

Akwai masu wata ƙorafin da ta fi wannan nauyi. Suna cewa littattafan nan duk na Nijeriya ne: Hausarsu Kananci ce, kuɗinsu naira, makarantarsu firamare, suna rubuta 'y inda Nijar ke rubuta ƴ, kuma yaron da ke cewa hwaɗi a gidansu zai ga faɗi a takarda. Bambancin rubutun ƙarami ne, an ma zauna a kansa a Yamai tun 1980 domin daidaitawa, kuma yaron da ke kallon finafinan Kano ya haddace waƙoƙinsu ba Kananci ne zai kā da shi ba. Mushe na iya warware sauran cikin darasi ɗaya. Amma a ƙarƙashin ƙorafin akwai gaskiya mai ɗaci, wadda masu yin ta ba sa bi har ƙarshe domin a kansu take sauka. Ɗan Arewa zai iya hawa tsanin nan tun daga ƙasa har sama bai gamu da garinsu ko sau ɗaya ba.

Lugu tana cikin gundumar Dogon Dutsi. A can ne, cikin watan Afrilu na 1899, Sarauniya Mangu da mutanenta suka tari rundunar Voulet da Chanoine, wadda daga nan ta wuce ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni. Abdoulaye Mamani, mutumin Gudumariya, ya mai da labarin littafi a 1980, da Faransanci, aka buga a Paris. Med Hondo ya mai da littafin fim a 1986, ya ɗauke shi a Burkina Faso, ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. An sa wa lise sunanta a Doso. Sunan Sarauniya ya zaga duniya da harsunan wasu, yarinyar Lugu da ta koyi karatu da Hausa kuwa in tana son labarin sai ta koma bakin tsofaffi, su kuma kullum raguwa suke yi. Masana sun nuna cewa Mamani ya ƙara abubuwa da yawa daga tunaninsa, kamar yadda mai ƙaga labari ke da damar yi, kuma abin da dattawan Lugu da Bagaji ke faɗi ya sha bamban da nasa a wurare. Wannan dalili ne na a samu littafi biyu a kan shimfiɗa, nasa cikin Hausa da nasu yadda suka faɗa, ɗalibi ya aza su gefe da gefe ya koyi bambancin tarihi da ƙage.

Amadou Ousmane ɗan Tsibiri ne, an haife shi a 1948. Littafinsa Quinze ans, ça suffit ! na 1977 yana magana ne a kan yadda aka karkatar da abincin taimako lokacin babban farin shekarun 1970. Waɗanda suka ci ganye suka binne ƴaƴa a wannan yunwa, a garin marubucin, akasarinsu ba su da hanyar sanin abin da ɗansu ya rubuta a kanta. Abboki na Mahamadou Halilou Sabbo labarin ƴan ci-rani ne masu gangarawa bakin teku, wato labarin kusan kowane gida a Dallol Mawri, shi ma da Faransanci. Marc-Henri Piault ya buga Histoire mawri a 1970. Adeline Masquelier ta zauna a Dogon Dutsi ta fitar da littafi kan bori a 2001, da wani kan mata da farfaɗowar addini a 2009, duka da Ingilishi. Dattawa da iyaye mata suka zauna suka ba da maganarsu da Hausa, ta fita ta dawo cikin harshen da jikokinsu ba sa ji. Ba a ga laifin baƙin ba, domin mutanensu suka rubuta wa. Amma zancen Ari da ya zo daga Barno, da ɗansa Akazama, da Baura na Bagaji, da dutsen Tunguma, da yaƙe-yaƙen Samna Ƙarhe, wa ya hana a zuba su cikin ƴan littattafai masu shafi talatin-talatin domin ƴan aji biyar? Ƙasar nan cike take da tsofaffin malamai masu ritaya da suka iya harsunan biyu, suna zaune gindin bedi suna jiran azahar. Ƙungiyar al'adun da ke iya tara kuɗin kiɗa da rawa da abincin manyan baƙi a rana ɗaya tana iya biyan bugun irin wannan littafi, ta kuma rubuta wa magada da maɗaba'a neman izinin fassara.

Wasu za su ce a jira ma'aikata a Yamai ta fitar da jeri na hukuma. Ba ministan da ya sa hannu a kan cewa Ishmawi na bin Ahalari. Jerin da zai yi aiki shi ne wanda malaman Matankari da na Dumega suka zauna suka yi gardama a kansa, kowa ya karanta littafin da yake karewa ko yake suka, aka sa mata a ciki domin su suka fi sanin abin da ƴan mata ke karantawa, aka kira mai shimfiɗar kansa domin shi ya san abin da ke samuwa a kasuwar Sakkwato da abin da ya ɓace tun tuni. Takarda ɗaya ta isa, gaba da baya: sunan littafi, marubucinsa, shekarun da ya dace da su, da layi guda na abin da ke ciki, yadda mai sayarwa zai iya faɗa wa uba ba tare da ya yi ƙarya ba. Kada kuma a yi mata shafin haramtattu. Ranar da ta zama takardar hani, ranar samarin fada za su mai da ita jerin abin nema.

Sai dai takarda ba ta isa ita kaɗai, kuma a nan ne masu albashi ke nuna ba su san kasuwa ba. Mai shimfiɗa da jarinsa yake sari. Ahalari ya san zai fita ko ba jima ko ba daɗe, turare ma haka. Littafin tatsuniya in ya kwana shekara a cikin buhu, gara ta taɓa shi, rana ta cinye bangonsa, kuɗinsa ne ya mutu, ba na mushe ba. Ga hanya ba tabbas: Nijeriya ta rufe iyakarta daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yuli na 2023 har cikin 2024, kuma kowace rufewa tana sa ɗan kasuwa ya rage kayan da ba ya da yaƙinin fitarsu. Wanda ke son ya ɗauko Iliya ashirin, sai ya ba shi tabbacin cewa goma sun riga sun sami mai saye. Kwamitin iyaye na makarantu biyar in suka yi adashi, kowace ta ɗauki alkawarin ƴan kwafi, an sauke masa wannan tsoro. In gidan rediyon gari ya karanta babi ɗaya da dare ya tsaya daidai inda labari ya ɗau zafi, ranar kasuwa mutane da kansu za su zo suna tambaya da suna.

Lokacin yin wannan kuma sananne ne. Kuɗi na shiga hannun mutanen karkara da kaka, bayan an yanke hatsi an roro wake, kuma gab da nan ne mai shimfiɗa ke tafiya babban sari. Zaman malamai sai ya kasance cikin hutun damina, a buga takardar kafin a koma aji, a kai masa har inda yake zama a kasuwa, tare da sunayen makarantun da suka yi alkawari da adadin da kowace za ta ɗauka. Takardar da ta iso hannunsa bayan ya dawo daga Sakkwato da buhunsa cike, sai dai ya ninke ta ya ajiye wa baɗi.